Zakaran da Baba Tsoho Bai Yanka Ba

Ranar da Allah ya karɓi ran kakana, wanda duk Wagini ke kira Baba Tsoho, kowa ya yi kuka in ban da zakaru. Su kam ina kyautata zaton sai da suka yi wa juna barka a bayan danga. Na san mutuwa ba abin wasa ba ce. Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, babba da yaro. Amma mutumin nan shi ya koya mani dariya, shi ya raɗa mani suna Rediyo saboda bakina ba ya hutawa. In na murtuƙe fuska na rubuta labarinsa, ko shi da kansa ba zai gane wanda ake nufi ba.

Ina makaranta a Katsina saƙo ya same ni. Kafin motar kasuwa ta sauke ni a Batsari, in sami mai babur ya ƙarasa da ni gida, an riga an kai shi makwancinsa. Na tarar da ƙofar gidanmu ta cika maƙil. Mutanen Darini sun zo a kan jakuna, na Safana sun zo a mota, Fulanin rugagen gefen daji sun jingine sandunansu a katanga har suka zama kamar sabon shinge. Wani tsohon Bafillace ya riƙe hannun Baffa, yayan babana, ya ce, "Yau rijiyarmu ta zama marainiya." Baba Tsoho ne ya ɗora masu wilin keke a bakin rijiyar shanu a shekarun fari, jaki na jan igiya, guga na fitowa. A cikin gida maƙwabciyarmu mai sabulu kuka take yi har da shessheƙa, sai da Iya, kakata, wadda ita aka yi wa mutuwar, ta koma tana ba ta haƙuri. Sarkin Maƙera kuwa, wanda ya yi shekara da shekaru yana faɗa da mamacin, yana zaune can gefe. An ajiye masa kwanon tuwo ya ƙi ko dubansa. Wannan shi ya tabbatar mani an yi babban rashi, don tun da nake ban taɓa ganin mutumin nan ya bar kwano da rai ba.

Sai dai na lura da wani abu. Duk wanda ya shigo zaure, in ya gama "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta," sai idonsa ya zame ya faɗa kan durom. Wani baƙin durom ne irin na kananzir, yana tsaye a kusurwa, an toshe bakinsa an liƙe da kakin zuma. Wasu su ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar masu sayen tulu. Wata tsohuwa har kunne ta kara a jikinsa, ta ce wai tana jin ana taune-taune a ciki. A tsakar gida kuma ga wani jan zakara ɗaure da ƙafa a gindin rumbu, yana ta kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, bai san matsayinsa ba.

A cikin durom ɗin nan akwai irin wakenmu na shuka kaf, da na mai sabulu, da na wasu gidaje da suka yarda da Baba Tsoho. Tun kaka ya rufe shi, ya ce ba mai buɗewa sai hadari ya fara haɗuwa. In ƙwari sun cinye, bana ba mu da iri, kuma sunan da za a riƙa tuna shi da shi ke nan: tsohon da ya tafi ya bar wa mutane gari a durom. In kuwa waken ya tsira... To, bari in fara daga zakara.

Kowa a ƙasar nan in abu ya yi kyau yake yanka. Baba Tsoho sai abu ya lalace. Manomi ne, ɗan manomi, amma hannunsa ba ya zama. A bayan gida yana da rumbu guda wanda bai taɓa ganin hatsi ba, cike yake da abubuwan da ya ƙera suka ƙi. Akwai abin shuka da jaki ke ja, wanda ya zube dukan irin gero a rami guda, jakin ya juyo ya cinye. Akwai injin ɓarar gyaɗa wanda ya ɓare gyaɗar, ya daka ta, saura kaɗan ya soya mana ƙuli-ƙuli. Akwai fanka mai feda da ya yi wa Iya, wadda mai tuƙa ta ke zubar da gumin da ya fi iskar yawa. Akwai murhu mai cin itace kaɗan, wanda hayaƙinsa ya sa ƙadangarun gidanmu suka yi ƙaura zuwa Darini, har yau ba su dawo ba.

Duk ranar da abu ya lalace, sai ya wanke hannu ya ce, "Alhamdu lillahi. A kamo zakara." Iya ta iya shimfiɗa zakara guda a cikin romo har ya ishi unguwa. A fito da abin da ya lalace a ajiye a tsakiyar fili, a kewaye shi da kwanuka. Dokar walimar guda ce, kuma da bakinsa yake faɗa kafin a sa hannu: "Ku yi dariya iyakar ƙarfinku. Amma nama ba kyauta ba ne. Duk wanda ya ci, sai ya faɗa mani inda ta lalace."

Mu yara ba ruwanmu da inda ta lalace. Mu dai ta lalace. Da mun ji yana ƙwanƙwasa a bayan gida sai mu fara lasar baki. Shi ma ya sani. Yakan leƙo ya ce, "Rediyo, ku sassauta addu'ar nan hakanan, zakaruna sun kusa ƙarewa."

Yana da wata ɗabi'a kuma. Duk sabon abin da ya shigo gidanmu sai ya kife shi ya ga gindinsa. Kwano, fitila, tocila, buta, ba ya barin ko ɗaya. Ya taɓa kife kwanon baƙo da miya a ciki. Tun da na fara karatun boko aikin ya dawo kaina.

"Rediyo, taho nan. Wanga daga ina?"

"Ƙasar Sin, Baba."

"Wanga hwa?"

"Ingila."

"Duba da kyau, ko an rubuta Wagini da ƙananan baƙaƙe."

"Baba, ko da tabarau babu."

Sai ya yi ƙwafa ya ajiye. Iya ta ce ciwon ya daɗe. Ranar da aka ba da mulkin kai, ana ta kaɗe-kaɗe a Batsari, 'yan makaranta na kaɗa 'yan tutoci, shi kuwa ya karɓi ta wani yaro yana murza ƙyallen, ya tambayi malaminsu inda aka saƙa shi. Malam ya ce bai sani ba, amma dai ba nan ba. Baba Tsoho ya ce, "To, an ba mu ƙasa, mun gode. Allura hwa, wa zai ƙera mana?"

Da kuɗin man fetur suka zo, Baffa ya sami kwangilar kwalbati, ya sayo babur ɗan Japan. Baba Tsoho ya yini kwance a ƙarƙashinsa yana leƙe, har kaji suka fara hawa cikinsa. Bayan la'asar aka zauna gindin tsamiyar ƙofar gida, na kawo fura, na kuma ƙi tafiya. Tambayarsa ta kullum ya jefa: me ya sa wasu ƙasashe ke ƙerawa, wasu kuwa sai saye?

Liman ya ce, "Rabo ne, Malam. Su duniya aka ba su."

"Allah gafarta Malam, da aka ba su hannu bibbiyu, mu ɗai-ɗai aka ba mu?"

Baffa ya ce, "Baba, kuɗi ne da gwamnati. Suna da lantarki, suna da bankin da ke ba mutum jari, suna da makarantun injiniyoyi."

"Wanga gaskiya ne, ban musa ba. To ga kuɗi sun zo. Kai da suka zo maka, babur suka sa ka ƙera ko saye suka sa ka yi? Da can in garma ta karye gyara ta muke yi. Yanzu sai a ce bari a aika Kano."

Iya ta ɗaga murya daga cikin gida, "Sanyi ne! Ƙasarsu ba a zaman gindin bishiya, dole namiji ya shiga ɗaki ya nemi abin yi!"

Aka kwashe da dariya, har Liman ya ƙware da fura. Sannan Baba Tsoho ya ba da labarin Kumasi, wanda na ji ya fi a ƙirga. Yana saurayi ya bi fataken goro zuwa can, ya sauka kusa da unguwar makanikai. Wani mutum ya ɗora wa tsohuwar mota bodin katako da hannunsa. Ranar gwaji aka loda mata doya, ta yi taku kaɗan, bodin ya wargaje, doya ta watse ko'ina.

"Na ce shi ke nan, wanga ya mutu. In a garinmu ne, kafin magariba 'yan mata sun sa shi a waƙar dandali. Sai na ga maƙwabtansa sun fito. Sun yi dariya ƙwarai, har da faɗuwa. Amma kowa da guduma a hannu. Wanga shina cewa ƙusa ce ta yi gajarta, wancan shina cewa katako ne ɗanye. Kasuwa ta zagayo, na ga motar ta wuce ni da kaya. Na tambaya ɗan wane ne, aka ce ubansa masunci ne. Ba wanda ya ce masa mota ba gadonku ba ce."

Ya kurɓi fura ya ci gaba. "Ba ƙwaƙwalwa suka fi mu ba. Can in mutum ya faɗi, da sunansa yake tashi. Nan in ka faɗi, da sabon suna za ka tashi, jikokinka su gada. Mutum nawa ne a garin nan ke da dabara a ciki, za su shiga kabari da ita don tsoron waƙa? Lantarki ba ya hannuna. Banki ba ya hannuna. Amma dariya, ita kam na iya sayen ta da zakara."

Maganar gado kuwa ita ce tushen faɗansa da Sarkin Maƙera. Wata shekara Baba Tsoho ya kafa zugazugi a bayan gida don ya lanƙwasa ƙarfe. Hayaƙi bai gama tashi ba Sarkin Maƙera ya kai ƙara gaban Mai gari.

"Ranka ya daɗe, a tambaye shi, kakansa ya taɓa riƙe awartaki?"

Baba Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, shi kakansa ya taɓa shiga mota? Ga shi ranar kasuwa na gan shi a gaba, kusa da direba, har da ɗaga hannu."

Mai gari ya danne dariya ya yanke hukunci: wutar ƙira ta maƙera ce. Baba Tsoho ya dawo gida ya kashe wutarsa, bai sake hura ta ba har ya bar duniya. Ya koma aiki da abin da ba ya son wuta: gwangwani, katako, robar tayar keke. Amma a kowace walima Sarkin Maƙera ne ke fara zuwa, shi ke fin kowa ƙarar dariya, kuma shi ake ba cinya. Na taɓa yin ƙorafi, don ni ma ina da ra'ayi a kan cinya. Baba Tsoho ya ce, "Bar shi ya ci. Zaginsa akwai ilimi a ciki."

Sau ɗaya ne ya yanka zakara ba don kansa ba. Bayan mijin maƙwabciyarmu ya rasu, ta gwada dafa sabulu don ta riƙe 'ya'yanta. Ruwan tokar ya yi ƙarfi. Duk wanda ya yi wanka da shi sai ka gan shi yana goga baya a jikin bishiya kamar akuya. 'Yan mata suka sa ta a waƙa, ta shige ɗaki ta daina fita ko rijiya. Baba Tsoho ya aika aka sayo sabulun, ya yi wanka da shi tun daga kai har ƙafa, ya fito fili yana susa da hannu biyu, ya ce a kamo zakara, yau walimar maƙwabciya ce. Mutane suka ci, suka yi dariya, amma shi suke yi wa, don shi ke tsalle. A nan wata tsohuwa daga Darini ta ce a rage ruwan toka, a ƙara mai, a bar shi ya kwana biyu kafin a taɓa. Yau mai sabulu na da rumfa a kasuwar Batsari, har Safana ake aiko mata.

To, durom. Wagini garin wake ne, kuma kowa ya san baƙin cikin wake. Da kaka ya cika ɗaki, kafin bazara ƙwari sun huda shi, ka ɗebo ka busa ya tashi. An gwada toka, an gwada barkono, an gwada yashi, an gwada wata hoda ta kasuwa mai sa ciwon kai. Wata rana Baba Tsoho ya tsinci kwalbar da ya zuba wake a ciki ya toshe ya manta, ya ga waken lafiya lau. Ya ce ashe ƙwaro ma numfashi yake yi. A daidai lokacin masu aikin hanya suka tashi suka bar duromomi a bakin titi. Ya ce, "Kun ga rabonmu na arzikin man fetur ya iso. An shanye na ciki, an aiko mana da mazubi."

Gwajin farko, waken ya tsira daga ƙwari amma ya sha kananzir. Muka ci a haka. Mako guda in mutum zai yi gyatsa sai ya matsa nesa da fitila. Zakara ya tafi. Mai sabulu ta ce a wanke cikin da ruwan zafi da sabulunta, a shanya a rana. Shekara ta zagayo, aka buɗe, waken ya yi fumfuna, ya fito da gemu ya fi na Liman. Zakara ya tafi. Wata mai tallan nono ta ce, "Baba, bai bushe ba ka zuba. Sai ka gasa masa haƙori ka ji ya ce ƙas." Shekarar da ta biyo baya aka buɗe, ƙwari suka fito a jere, sun yi ƙiba, wasu har da jikoki. Sarkin Maƙera ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce da cinya a baki, "Rabin durom ka zuba, ka bar masu ɗakin shan iska! Cika shi har wuya, manomi!" Iya ta ƙara daga ciki, "Kuma ya daina buɗewa duk Juma'a yana gaishe su!"

Bara da kaka ya haɗa duka. Ya wanke, ya shanya, ya gasa wa wake haƙori har haƙorin ya yi girgiɗi, ya cika durom har wuya, ya naɗa roba a murfin ya ɗaure, ya liƙe da kaki. Don ya hana kansa leƙe, ya zuba irin shuka, nasa da na mutane, ya ce yanzu amana ce. Ya sayo jan zakara ya ɗaure, saboda ko-ta-kwana.

Da zafi ya tsananta ya kwanta, ciwon bai daɗe ba. Iya ta ce wasiyyarsa bayan kalmar shahada ba ta da yawa: kada a buɗe sai an ga hadari, a riƙa ba zakara dawa, kuma a ce wa Rediyo ta watsa labarin ko mi ya fito. Abin da nake yi ke nan.

Bayan baƙi sun ragu, Baffa ya zo ya tsuguna a bayan zanan ɗakin Iya, inda take zaman takaba. Ina ciki ina tsefe mata kai. Baffa ba mugu ba ne, ya fi kowa kuka a maƙabarta, an ce sai da aka riƙe shi.

"Iya, ina so in ɗauke durom ɗin nan a akori-kura in kai shi daji. In sayo iri mai kyau a Batsari in raba wa kowa. Ba wanda zai yi asara."

"In an tambaye ka na cikin durom hwa?"

"Sai in ce shi ne."

"Ƙarya za ka shimfiɗa wa ubanka a kan kabari?"

Baffa ya ce, "Iya, tun ina yaro ake yi masa dariya. A makaranta ɗan mai zakara ake ce mani. Da ransa ya iya ramawa. Yanzu wa zai rama masa?"

Iya ta ce, "Ubanka bai taɓa kai faɗuwarsa daji ba. Tsakiyar fili yake ajiye ta. In wake ya lalace, ka sayo irinka ka raba, Allah ya yi maka albarka. Amma a gaban mutane za a buɗe. Ga zakara can, ba don ado aka ɗaure shi ba."

Da sadakar arba'in ta gabato na roƙi izini a makaranta, na ce in ba a bar ni ba zan yi ta magana har a gaji. Aka bar ni da sauri. Da safe, bayan an shafa addu'a, sai ga gabas ta yi baƙi. Kowa ya ɗaga kai, sannan kowa ya dubi zaure. Aka mirgino durom fili, aka shimfiɗa tabarmi. Iya ba ta fita, don haka ta sa na hau turmi a jikin katanga, ta ce, "Yau ki ci sunanki."

"Iya, Baffa ya kankare kakin. Ya sa sifana. Ta zame. Ya sake sawa. Ta zame, ta buge shi a yatsa, yana tsotsa."

"Bar yatsa, faɗi durom."

"Sarkin Maƙera ya miƙe. Iya, da awartaki ya zo a aljihu! Ya ce, matsa, ɗan kwangila."

Ni kuwa a kan turmi, karo na farko a rayuwata, addu'ata ta juya. Na ce ya Allah, na yafe romon, na yafe cinyar, kada ta lalace. Sarkin Maƙera ya murɗa, murfin ya yi ƙara ya saki. Ya kai hanci ya shinshina. Samari suka karkata durom.

Kun san ƙarar ruwan farko a kan rufin kwano? Ita ce. Wake ya yi ta zuba, fari tas, yana sheƙi, yana tsalle a kan tabarma. Ba gari, ba gemu, ba kananzir. Rediyo ta ɗauke. Iya na ja mani zane tana cewa "Mi ya fito? Ke, mi ya fito?" ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa, abin da bai taɓa faruwa ba tun ranar sunana.

Liman ya ɗauki ƙwaya ya tauna, ta ce ƙas, ya ce, "Allahu akbar." Tsohuwar da ta ji ana taune-taune ta tsuguna tana tona da yatsa tana neman huda, daga ƙarshe ta samo wasu 'yan ƙwari matattu, sun bushe, ta ɗaga su sama kamar ta kama ɓarayi. Baffa ya cika tafukansa da wake ya rufe fuskarsa da su. Sarkin Maƙera ya tura hannu cikin tulin waken har gwiwar hannu, ya zaro, ya dubi wajen maƙabarta, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Tsohon nan ya cuce ni. Yau da mi zan zage shi?"

Sai a lokacin na samu na ce, "Iya, lafiya lau! Ko ɗaya!" Mai sabulu ta rangaɗa guɗa, sannan ta tuna gidan makoki ne, ta kama baki. Iya ta share ido ta ce, "Ƙara."

Aka kwance jan zakara. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya waiwayo, bai yarda ba. Shi ne na farko a danginsa da ya shiga gidanmu ya ga damina. Yaran unguwa da suka zo da kwanukansu suka tsaya cirko-cirko. Wani ƙaramin ƙanena ya ja rigar Baffa ya ce, "Yanzu ba nama ke nan?" Baffa ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, irin ta ubansa sak.

Yanzu hutun damina ne. An shuka waken nan a tsakanin gero, ya tsiro bai bar rami ba. Baffa ya ciko akori-kura da duromomi, ya jibge a ƙofar gida, mutanen Darini da Safana na zuwa suna ɗauka, mai sabulu na koya masu wanki, kowa na ta gasa wa wake haƙori tun kafin kaka ta zo.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Bayan sadaka, Sarkin Maƙera ya aiko a roƙi Iya ta ba shi tsohon abin shukar nan na rumbu, wanda jaki ya cinye irinsa. Ya shige maƙera da shi, ana ta jin guduma. Ranar da ya gwada a gonarsa, abin ya jera iri tiryan-tiryan har tsakiyar kunya, sannan wili ya fice, jaki ya firgita, aka kamo shi a hanyar Darini yana jan rabin injin.

Washegari da hantsi muka ji sallama a zaure. Shi ne, yana ta murza hula a hannu.

"Uwar gida, ya ƙarin haƙuri? Cewa na yi... jan zakaran nan, ko na sayarwa ne?"

Iya ta ce, "Ba na sayarwa ba ne. Kai yake jira."

A ƙofar maƙera aka yi walimar. Ya ajiye karyayyen abin a tsakiya, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ku yi dariya. Amma duk wanda ya ci, sai ya faɗa mani inda ta lalace." Wani manomi, wanda kakansa bai taɓa riƙe awartaki ba, ya ce ƙusar wilin ce ke son makari. Sarkin Maƙera ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rufe, ya miƙa masa cinya. Ɗaya cinyar ni aka aiko wa, bayan duk shekarun nan.

Da aka watse na je na tsuguna wajen injin. Hannuna ne ya yi aikinsa na sabo, na kife shi don in ga gindi. A jikin ƙarfen an sassaƙa baƙaƙe da kurfi, jikan Sarkin Maƙera ɗan firamare ne ya zana masa da gawayi shi kuma ya bi. Sun karkace, ɗaya ma ya juya baya. Na karanta da ƙarfi, yadda na saba, ko da yake wanda ke tambayata ba ya nan.

Wagini, Baba. Ba sai da tabarau ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe maka kurakuranka, na rumbu da waɗanda ba na rumbu ba. Mu da muka ci naman, Allah ya ba mu ƙarfin halin yanka namu.